Darasi na Bakwai: Tuwo da Abin da Ake Ci da Shi

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu duba yadda gida zai ci abinci mai gina jiki da ɗan abin da ke hannu. Za mu karanta, mu tattauna, sannan mu yi lissafin cefane da farashin da ake sayarwa yau a kasuwarmu.

Karatu

Duk mai fita cefane ya san halin da ake ciki. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, shi kuma ya ja farashin komai ya tafi da shi. A nan Makera da ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi abin ya zo da ƙari, domin akwai gonakin da masu su suka daɗe ba su iya zuwa ba saboda 'yan bindiga. Maigidan da ya saba auno tiya biyu ya koma ɗaya.

In kuɗi ya yi kaɗan, kowa ya san abin da ake fara janyewa daga tukunya. Nama ne farko, kifi ya bi shi, sai mai. A ƙarshe tuwo ne ke saura da miya tsululu, kuka da gishiri da dunƙule. Ana ci a ƙoshi, a kwanta. Sai dai cika ciki daban, gina jiki daban. Yaro yana iya cin tuwo sau uku kullum, amma ka gan shi ba ya girma, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ciwo kaɗan ya kwantar da shi. Mai ciki tana iya ƙoshi da tuwo, ta je awo a ce mata jininta ya yi ƙasa.

Dalili shi ne jiki yana neman abubuwa iri uku daga abinci. Akwai masu ba da ƙarfin aiki, su ne gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali da mai. Akwai masu gina jiki, waɗanda ke ƙera tsoka da jini, su ne wake, waken suya, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi, nama da fara. Sai masu kare jiki daga cuta, wato ganyaye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Kashi na farko ba mu da matsala da shi, shi muke ci safe da dare. A kan na biyu da na uku darasin nan zai tsaya.

Wake

Hausawa na cewa tuwon girma miyarsa nama. Gaskiya ne, amma ba kullum ake samun na girman ba, kuma jikin yaro ba ya jiran ranar Sallah kafin ya girma. Abin da ke gina jiki a cikin nama, wanda masana ke kira furotin, akwai shi da yawa a cikin wake. A gram 100 na busasshen wake akwai kusan gram 24 na furotin. A waken suya ya kai kusan gram 36. Gero kuwa kusan gram 11 ne kawai.

Akwai wani abu da iyayenmu suka gano da tukunya tun kafin masana su gano shi da awo. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa giɓin, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. In aka haɗa su, sai su cike wa juna. Shi ya sa garau-garau, dawa da wake, ɗan wake, koko da ƙosai, da faten wake suka fi ƙarfin rainin da ake yi musu. In shinkafa ta yi tsada, surfaffiyar dawa ko gero suna shiga wurinta a cikin wake ba tare da an rasa komai ba. Kashi ɗaya na wake a cikin kashi biyu ko uku na hatsi ya wadatar.

Mata sukan ce wake yana cin itace. Haka ne, in an zuba shi a busashe. A jiƙa shi tun dare, da safe a zubar da ruwan a sa sabo, zai nuna da wuri, kuma kumburin cikin da wasu ke kuka da shi yana raguwa. Wannan ya fi a cika masa kanwa. Kanwa tana sa shi laushi, amma in ta yi yawa tana kashe wasu sinadaran bitamin da ke cikinsa. 'Yar kaɗan ta isa.

Waken suya kuma ba a cin sa sai ya dahu sosai ko an soya shi, ɗanyensa yana ɓata ciki. Yawancinmu a awara muka san shi. Ana jiƙa shi, a niƙa, a tace, a ɗora ruwan a wuta, in ya tafasa a zuba ruwan tsami, ya dunƙule, a matse a yanka. Ba dole sai an soya awara a mai ba. Ana iya yanka ta ƙanana a jefa cikin miyar taushe ko ta alayyafo, ta sha romo, kowa ya samu a kan tuwonsa. Dusar da ta rage bayan tacewa kada a zubar, tana shiga cikin ƙullun ƙosai ko a ba dabbobi. Garin soyayyen waken suya cokali biyu ko uku a miyar kuka yana ƙara mata kauri da amfani, kuma sau da yawa maigida ba zai ma gane an sa ba.

Sai ƙuli-ƙuli. An matse man, amma furotin ɗin gyaɗar yana nan cikinsa. Da wuya a sami abin gina jiki da ya kai shi araha a kasuwar ƙauye.

Wata hira a tsakar gida

Wata uwargida tana gyaran zogale a faifai, surukarta tana zaune a gefe tana kaɗa ƙuda.

"Yau ma ganyen ne?" in ji tsohuwar. "Sai ka ce awaki."

"Inna, abin da Malam ya bari ke nan. Na duba, in na sayi nama da shi, yanka huɗu za a ba ni, mu kuwa mu tara ne. Sai na sayi ƙuli da albasa da mai, zogalen kuma na bayan ɗaki ne."

"To, me za ki yi mana da shi?"

"Dambu, Inna. Akwai sauran tsakin masara."

Tsohuwa ta yi shiru, can ta ce, "In dambu ne, ki daka gyaɗa ki zuba a turare na biyu. Haka uwata take yi. Kuma kada ki bari ganyen ya yi baƙi."

"To, Inna."

Da yamma Malam ya dawo daga lambu da tumatir biyar a aljihu, waɗanda suka ɗan fashe ba za su shiga kwando ba. Aka yanka su a kan dambun. Tsohuwa ce ta nemi ƙari.

Mu lura da abin da ke cikin wannan kwano. Tsaki ya ba da ƙarfi, gyaɗa da ƙuli sun gina jiki, zogale da tumatir da albasa sun kare shi. Ɗan man da aka zuba ma yana da aikinsa, domin bitamin A da ke cikin ganye ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Kashi ukun nan sun haɗu, kuma babu abin da aka sayo daga nesa.

Ganye

Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, lalo, tafasa, kuka, ganyen wake da ganyen kabewa. Wasu ana shuka su, wasu da kansu suke fitowa da damina. Suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A mai kare ido da ƙarfafa jiki a kan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla gram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. Ba sai mun nemi sikeli ba. Abin nufi, kada rana ta faɗi ba a ga kore ko ja a kwano ba, kuma ya kasance da ɗan yawa.

Inda muke asara shi ne wajen dahuwa. A wanke ganye kafin a yanka, domin in an yanka sannan aka wanke, amfanin yana bin ruwa. A sa shi a ƙarshen girki, ya yi laushi yana nan kore. Rama da tafasa dole a tafasa su a zubar da ruwan fari saboda tsami da ɗaci, amma alayyafo da zogalen miya ba su buƙatar haka.

Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli da albasa da ɗan yaji ba ya ɗaukar lokaci, ga shi yana riƙe ciki da rana. Faten tsaki da yakuwa da dakakkiyar gyaɗa tukunya ɗaya ce, wuta ɗaya. Kabewa a miyar taushe tana rage yawan tumatir da za a saya. Ɗan tsami a abinci, ko na tumatir ne, ko lemon tsami, ko tsamiya, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, saboda haka mai ciki ta bar tazara tsakanin cin abinci da shan shayi.

Ni dai ban ga dalilin da gida mai ɗan fili zai rasa bishiyar zogale ba. Reshe ake kafawa ya kama. Ruwan alwala da na wanke hatsi sun ishe shi. Babbar wahalarsa akuya ce, ita kuma ƙaya ko tsohon kwando na maganinta.

'Ya'yan itatuwa ba sai tuffa da ake kawowa daga waje ba. Mangwaro, goba, gwanda, kankana, magarya, kanya, ɗinya, goruba da garin 'ya'yan kuka, kowanne da lokacinsa, kuma a lokacinsa ne yake araha.

Albarkar Zobe

Mutanen wannan yanki suna da abin da wasu ba su da shi. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, ta sa ana noman rani a Makera da kewaye, ana kuma kamun kifi. Akwai watannin da tumatir da tattasai da tarugu ke cika kasuwa har kwando ya faɗi warwas, manomi yana kallon kayansa suna ruɓewa. Bayan 'yan watanni, da damina ta kama, ƙwaya huɗu sai su gagari talaka.

Maganin wannan tsoho ne, kauɗa. A sayi tumatir lokacin da ya yi araha, a yanka, a shanya a kan tabarma ko buhu mai tsabta, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ƙura da kaji. Shanya a bakin titi tana kwaso yashi da hayaƙin mota. In ya bushe ƙayau a ɗaure a ajiye inda babu laima. Haka kuɓewa da tattasai. Ganye kuwa, zogale da kuka da rama, a inuwa ake shanya su inda iska ke shiga, domin rana tana cinye korensu tare da amfanin.

Game da kifi, idon mai saye yakan tafi kan babbar tarwaɗa. Ƙananan kifi busassu sun fi araha, kuma da yake ana cin su har ƙaya, suna ba da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. A daka su a turmi su zama gari, a riƙa zuba cokali ɗaya ko biyu a miya. Yanka ɗaya na kifi mutum ɗaya ke ci, galibi ma babba. Garin kifi kuwa har autan gida ya samu rabonsa.

Kwanon yaro

Daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ko ruwa ba ya buƙata. Bayan wata shida a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. A nan ne yara da yawa ke fara ramewa, saboda abin da ake ba su koko ne tsararo. Cikin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da ruwa babu wurin abinci. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda in an karkata cokali ba ya zuba da sauri.

Ma'aikatan lafiya a arewa suna koya wa mata wani haɗin gari da ake kira Tom Brown. Awonsa shi ne gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A tsince kowanne a wanke, a shanya. A soya su daban-daban sama-sama har su yi ƙamshi, a murje ɓawon waken suya da na gyaɗa a fece, sannan a haɗa a niƙa. A ajiye garin a mazubi mai murfi. In za a dama, a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a juya har ya dahu. Mai ciki da mai shayarwa da tsofaffi ma yana yi musu amfani. Mata biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su yi shi tare su raba, kuɗin niƙa ya zo da sauƙi.

Ƙaramin yaro a zuba masa a kwanonsa. In ya sa hannu tare da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share. Ƙwai ɗaya da kazar gida ta yi, in ya shiga cikinsa, ya fi kuɗin da za a sayar da shi a sayo biskit. Maganar da ake yi cewa yaron da ke cin ƙwai zai yi sata, camfi ne.

In aka ga ƙafafun yaro sun kumbura duka biyu, ko ya rame ƙwarai, ko ya ƙi cin abinci, wannan ya wuce gyaran tukunya. A kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba. A can ana auna damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da wani ɗan tef mai launi. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma tana da magani.

Inda kuɗi ke zurarewa

Wani lokacin kuɗin cefanen yana nan, hanyar da yake bi ce ba ta da amfani. Lemon kwalba ruwa ne da sukari. Taliyar leda da yara ke so gari ne da mai da gishiri, kuma kuɗin ƙunshin da zai ishi yara uku zai iya auno waken da gida duka zai ci. Dunƙule yana da daɗi, amma gishiri ne kan gaba a cikin abin da aka haɗa shi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a rana ya kai gram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Yawansa yana jawo hawan jini. In an saba jefa huɗu, a koma biyu, a ƙara daddawa da albasa da citta. Daddawar kalwa tana ba da ɗanɗano, tana kuma da nata furotin. Gishirin da za a saya ya zama mai sinadarin aidin, wanda ke hana maƙoƙo.

Babbar asara kuma da kaka ake yin ta. Manomi ya kwashe wakensa da gyaɗarsa ya kai kasuwar Dutsin-Ma lokacin da kowa ke kaiwa, farashi a ƙasa, sannan da bazara ya dawo yana saye da gwangwani a farashi mai tsada. Kowa ya san buƙata ce ke sa haka, ga bashin taki, ga biki, ga kuɗin makaranta. Duk da haka, kafin a ɗaure buhun sayarwa, a fitar da na gida a ajiye gefe.

Tsoron ƙwari ne ke sa wasu rabuwa da wake da wuri, wasu kuma su zuba masa maganin feshi, wanda guba ne ga mai ci. Akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In wake ya bushe sosai, aka matse iska aka ɗaure kowane riɓi daban, ƙwarin suna mutuwa don rashin iska ba tare da magani ba. Jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, in an cika ta fal aka toshe bakin, tana yin wannan aikin. Gyaɗa da masara kuwa, duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta canza launi a tsince a zubar. Tana ɗauke da guba mai lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta, don haka arahar irin wannan gyaɗar ba araha ba ce.

Sauran tuwon dare ba a zubar da shi. A rufe shi, da safe a yi ɗumame har ya yi zafi ciki da waje, miyar ma ta tafasa sosai.

Sababbin kalmomi

Furotin: abin da ke cikin abinci mai gina tsoka da jini.
Bitamin: sinadaran da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan don kare kansa.
Aidin: sinadarin da ake sa wa gishiri don hana maƙoƙo.
Gram: ma'aunin nauyi. Gram 1,000 shi ne kilo ɗaya.

Tambayoyi

1. Faɗi kashi uku na abinci, ka kawo misali biyu na kowanne daga abin da ake samu a garinku.
2. Me ya sa haɗa wake da hatsi ya fi cin hatsi shi kaɗai?
3. A cikin hirar da muka karanta, me ya sa uwargida ta fasa sayen nama? Kun yarda da shawararta?
4. Me ya sa ake shanya zogale a inuwa?
5. Waɗanne alamu ne in an gani a jikin yaro za a kai shi asibiti nan take?

Lissafi

1. Wata mata tana da gwangwani 12 na gero, tana son yin garin Tom Brown. Gwangwani nawa na waken suya da na gyaɗa za ta nema?
2. Mata uku sun haɗa gari gwangwani 30. Nawa kowace za ta samu in an raba daidai?

Aikin gida

Ka rubuta duk abin da aka ci a gidanku jiya, daga safe zuwa dare. A gaban kowanne ka sa alamar kashin da ya faɗa. In akwai kashin da bai fito ba, ka rubuta abu ɗaya mai araha da za a iya ƙarawa.

Ranar kasuwa mai zuwa ka tambayo farashin tiyar wake, tiyar waken suya, tiyar gero da ƙuli na kwano ɗaya. Ka rubuta su da lambobi a littafinka, ka zo da shi aji mu kwatanta.